Gado Mai Bango Uku

A bayan babur aka kawo shi, an ɗaure da roba, an lulluɓe da buhun taki saboda yayyafi. Ina tsugune a lokacin, ina iza itace a ƙarƙashin tukunyar ruwan wanka. Autata ce ta haihu, namiji, haihuwar fari, don haka gida ta dawo wanka, ƙauyenmu na bakin fadama a ƙasar Auyo. Mijinta a Haɗeja yake zaune, gyaran injin ban ruwa yake yi. Shi ya tuƙo babur ɗin, yayarsa na baya ta rungume kayan.

Bai shigo ba. Suruki ba ya wuce zaure. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa gaban Malam, maigidana, ya gaishe shi kansa a ƙasa. Yayar ce ta shigo da kayan ɗakin mai jego, ta kwance, ta harhaɗa. Na wanke hannu na bi ta.

Ƙafafunsa ƙarfe ne. Jikinsa raga, kamar ta kamun kifi amma mai ƙananan ido. Bango uku gare shi, na huɗun an sauke shi ƙasa. Katifar siririya ce, na danna da yatsa, ba ta lotsa ba. Ga igiyoyi biyu masu faɗi suna reto a gefe.

Na ce, "Mene ne wannan?"

"Gadon jariri ne, Inna."

"Ina bango ɗaya?"

"Haka ake yinsa. Gefen da ke buɗe shi ake mannawa da gadon uwa. Yana kusa da ita, amma ba a jikinta ba."

"Rabin kaya aka sayar muku."

Ta yi dariya. Ni ban yi ba.

Na haifi 'ya'ya da yawa, uku suka tsaya. Sauran ƙyanda ta ɗauka, da zazzaɓi, da amai da gudawa na shekarar da ruwa ya ci garin. Abin da wannan ya bar mini shi ne, ba na yarda da abu don an ce mini yana da kyau. Sai na juya shi, na duba ƙarƙashinsa.

Na juya shi kuwa. A ƙafa ɗaya fenti ya goge. A kusurwar katifa akwai tabo, an wanke amma bai fita duka ba. Na kai hanci, ƙanshin sabulun wani gida.

"Ba sabo ba ne."

"A wajen masu gwanjo ya saya. Amma ya duba ko'ina, Inna. Babu abin da ya karye, babu ƙusar da ta kwance."

"Ba ƙarfen na tambaya ba. Ɗan wa ya kwanta a ciki?"

"Wa zai sani?"

"Ya girma ne aka sayar, ko kuwa bai girma ba?"

Autata da ke kwance ta juya fuskarta bango.

Akwai wata tambayar da ban yi ba. Wa ya kawo shawarar? Na san dangin mijin, mutanen cikin gari ne. Raina ya ba ni cewa a can aka zauna aka ce mu 'yan fadama ba mu iya kwana da jariri ba, danne shi muke yi. Na so in ce ta kwashe kayanta. Amma ɗansu ne, kuma kayan ya riga ya shigo ɗaki. Mayar da shi magana ce da za ta daɗe.

Yayar ta zauna a bakin gado ta jera mana dokokin abin, ni da autata. A rigingine za a kwantar da jaririn, kullum. Ba matashi. Ba tsummoki a gefe, ba a ƙara laushi a ƙarƙashi. Ta ɗaure igiyoyin nan biyu a jikin katakon babban gado, ta ja har ƙaramin ya manne. Ta daidaita ƙafafun har katifa da katifa suka zo daidai. Sannan ta kama hannuna ta bi da shi ta tsakanin gadajen biyu.

"Kin ji? Yatsa ba ya shiga. Ran da kika ji hannunki ya faɗa, ko ɗaya ya fi ɗaya tsawo, kada a sa shi a ciki sai an gyara."

Ta faɗa sau biyu. Duk a cikin ɗaki aka yi wannan magana. A zaure kuwa, surukin da Malam maganar shinkafa suke yi, da tsadar man inji. Da la'asar suka hau babur suka tafi.

Suna tafiya na kwance gadon. Na tafasa ruwa da ganyen darbejiya na wanke raga da ƙarfe, washegari na shanya katifar a rana ta wuni. Na tofa abin da na iya. Sannan na mayar na ɗaure yadda na ga ta yi.

Sai maganar wuƙa. A wajenmu ba a barin jariri shi kaɗai ba ƙarfe a kansa. Na ɗauko 'yar wuƙata zan tura ƙarƙashin katifar. Autata ta ce, "Inna, an ce kada a sa komai a ciki." Na dube ta. Na tsugunna na ajiye wuƙar a ƙasa, daidai saitin kansa. Mai zuwa da mugun nufi zai gan ta a can ma.

Kwanakin farko ban bar jaririn ya daɗe a ciki ba. Ina zaune a tabarma ina kallon gadon kamar baƙon da ban san abin da ya kawo shi ba. In yaron ya yi atishawa, gadon nake zargi. In ya yi barci mai tsawo, sai in tashi in sa yatsa a hancinsa. Maƙwabciyarmu, matar mai kwale-kwale, kan shigo ta taya ni aiki. Ta ce, "Inna, wannan angon naki ɗan gata ne, ɗakinsa daban." Na ce, "Ango da ke kwana a gadon da bai san mai shi ba."

Abin da ya sa na sassauta, barcin autata ne. Wanda bai yi jego ba bai san wannan barci ba. Safe da yamma a watsa miki tafasasshen ruwa da ganye, ki sha kunun kanwa da zafinsa, ki shigo ɗaki jiki duk ya mutu. Wata rana da hantsi na shigo na tarar tana ba shi nono a kwance. Idonta a rufe, bakinta a buɗe, damtsenta ya sauko ya kwanta a kan kunnensa. Na kira ta, ba ta ji ba. Na ɗaga hannun, nauyinsa kamar taɓarya. Na zare yaron na sa shi a ƙaramin gadon. Ba ta farka ba sai azahar.

Ban gaya wa kowa ba. Daga ranar, in ya gama sha, ciki yake komawa. Amma duk shigowar da zan yi, sai na bi tsakanin gadajen da hannu. Ban yarda da igiyar ba, ban yarda da wanda ya sayar ba, ban yarda da wanda ya saya ba.

Wani abu kuma yana damuna. Ɗan fari ne, kunyarsa take ji, yadda aka koya mata, yadda ni ma na yi a nawa. In da mutum a ɗakin ba ta kallonsa. In ya yi kuka sai ta yi kamar ba ta ji ba, sai an miƙa mata. Ko maƙwabciya ce ta shigo, juya masa baya take yi. Mata suna yaba mata, suna cewa yarinyar nan akwai kunya. A da jariri a jikin uwa yake, ko ta kau da kai tana jin motsinsa. Yanzu yana gefe. In ta juya baya, babu mai ganinsa.

Sai ruwa ya fara zuwa. Damina ta yi nisa, kogi ya cika, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin da ruwan ya saba bi. A garinmu ba ta ƙofa yake fara shigowa ba. Ta ƙasa yake tsattsafowa. Za ka taka daɓen ɗaki ka ji sanyi, gobe ka ga sawunka ya fito. Kowane gida ya san abin yi. A ɗora buhunan hatsi a kan turame, a rataye tabarmi, a sa bulo a ƙarƙashin ƙafafun gado. Aikin maza ne, ba a gaya musu. Malam yana yinsa kowace shekara tun kafin a haifi autar.

Ran da abin ya faru, bayan la'asar, muka zaga bayan ɗaki wanka. Maƙwabciya na ƙarƙashin rumfa riƙe da yaron. Hadari ya haɗu, gari ya yi duhu. Na gama watsa mata ruwa, ta ɗaura zani ta shiga ɗaki tana tangaɗi. Ni na tsaya dama kunu. Na ga maƙwabciya ta bi ta da yaron, ta fito da sauri, ta ce shanyarta na waje. Ta wuce.

Kunun ya ɗan ɗauke ni. Da na shigo da kwanon, autata ta riga ta yi barci, fuskarta na bango, yadda ta juya tun maƙwabciya na ciki. Na dubi ƙaramin gadon. Na ga ƙafafun yaron. Ban ga fuskarsa ba.

Zanin da take lulluɓa da shi ne ya zubo daga gadonta, ya ninku a kansa. Na ajiye kwanon a ƙasa na yaye. Fuskarsa ta yi ja, gashinsa ya jiƙe da gumi, bakinsa a buɗe ba sauti. Na ɗauke shi na hura masa iska a fuska. Ya ja numfashi, ya sake ja, sannan ya tsala kuka. Uwar ta zabura.

Na miƙa mata shi. Na bi tsakanin gadajen da hannu. Hannuna ya faɗa har gwiwa. Na taɓa ƙarƙashin katakon babban gado, na taɓa iska. Inda kansa yake ɗazu, tazararsa da ramin nan ba ta fi faɗin tafi ba.

Tunanina na farko, gadon ne. Na ce a raina, ga shi nan, wanda ya kwanta a ciki kafin shi yana neman abokin tafiya. Na biyu, maƙwabciya. Ita ta shiga ƙarshe. Na leƙa ta katanga na kira ta, ta zo da kwando a ka.

"Me kika yi wa gadon?"

"Wane gado, Inna?"

"Ke kika kwantar da shi."

"Na kwantar da shi kamar kullum, a rigingine. Ɗakin da duhu. Na dai ji sai da na ƙara sunkuyawa." Ta sauke kwandon. "Inna, ni kike zargi? Ni da nake wanke masa kashi?"

Na kunna tocila na duba igiyar. Ba yadda yayar ta ɗaura ba ne, ba kuma yadda na mayar ba. An zagaya sau biyu an soke bakin ta ƙasa. Ɗaurin kwale-kwale ne a jikin turke. Mutum ɗaya ke wannan ɗauri a gidan nan. Na haska ƙasa. Kowace ƙafar babban gado na kan bulo. Ƙaramin yana nan a ƙasa, kusa da wuƙata.

Na ce da maƙwabciya ta yi haƙuri. Ta ɗauki kwandonta ta tafi. Ta yi kwanaki ba ta shigo ba.

Malam na zaure yana ɗinkin komarsa ta kamun kifi. Na tsaya a kansa.

"Malam, kai ka ɗaga gadon?"

"Da wa zai ɗaga? So kike 'yarki ta tashi a cikin ruwa? Na ga kun zaga, na ce bari in yi kafin ku fito."

"Ƙaramin fa?"

"Ƙafarsa ƙarfe ce, laima ba ta cinta. Na kwance, na ɗaga babban, na mayar na ɗaure. Ɗaurin da na yi ya fi na 'yan birni, je ki ja ki gani."

"Na gani. Saura kaɗan ka binne jikanka."

Ya ajiye allurar. Na gaya masa yadda na tarar. Na gaya masa abin da yayar ta ce, cewa in ɗaya ya fi ɗaya tsawo ba a sa yaro a ciki.

Ya ce, "Wa ya gaya mini?"

Babu wanda ya gaya masa. Surukin da ya san abin ba zai buɗe baki ya yi wa uban matarsa bayanin gadon da 'yarsa ke kwana ba. Yayar mace ce, wajen mata ta zo. Mu kuma maganar ɗakin jego ba ma kai ta zaure. Malam bai taɓa tsayawa ya kalli gadon ba, don ba ya shiga ɗakin in 'yarsa na ciki.

Ya ce, "A fitar da shi. A kwantar da yaro gefen uwarsa, yadda aka yi mana, yadda kika yi wa naki."

Abin da nake so ke nan tun ranar da aka sauke shi daga babur. Na buɗe baki zan ce to. Sai na tuna damtsen nan a kan kunnensa.

Na ce, "Gadon bai ɗaga kansa ba."

Ranar a hannuna yaron ya kwana. Da safe na aika aka buga wa surukin waya. Hanya ta yanke, ya bar babur a tudu ya ƙaraso a kwale-kwale, wandonsa a naɗe. Ya durƙusa a zaure kamar kullum. Na fito da kaina. Tun da ya auri 'yata ban taɓa yi masa magana ido da ido ba.

"Tashi ka shigo."

"Inna, nan ma ya isa."

"Ran da ka kawo abin nan, nan ka tsaya. Jiya ɗanka ya kusa tafiya. Shigo. Malam, kai ma."

Suka shigo, ɗaya na bin ɗaya, kowa na kallon ƙasa. Autata ta ja mayafi ta rufe kai. Na nuna gadon.

"Gaya masa. Duk abin da yayarka ta gaya mana, gaya masa da bakinka."

Ya fara, murya can ciki. Gumi na bin wuyansa.

Malam ya ce, "Ɗaga murya, yaro, ba sata ka yi ba."

Ya ɗaga. Ya nuna inda ake zare ƙarfe a ƙara wa ƙafafun tsawo. Ya ja su har ƙarshe, ba su kai tsawon bulo ba. Malam ya ce a sa wa ƙaramin nasa bulon. Surukin ya gwada, ya taɓa da hannu, gadon ya yi rawa. Ya girgiza kai, bai iya cewa a'a ba. Ni na faɗa a madadinsa.

Na ce, "Ɗaki ɗaya ne a gidan nan mai siminti, mai tudu, wanda ruwa bai taɓa shiga ba."

Malam ya dube ni, don ɗakinsa ne. "Ni kuma fa?"

"Zaure."

"Wannan yaro. Ya ƙwace mini mata, yanzu kuma ɗaki." Ya leƙa fuskar jaririn. "Kai, ko gemu ba ka da shi."

Su biyu suka ɗauki babban gadon, suruki a gaba, Malam a baya, suna ba juna hanya a bakin ƙofa har na ce su wuce. Aka ajiye shi a kan siminti, ba bulo. Surukin ya manna ƙaramin, ya ja igiyoyin. Malam ya tsugunna ya bi tsakanin da hannunsa, ya sake bi. Ya ja igiyar ya ce ɗaurin ba laifi. Na ɗauko wuƙata na mayar ƙasa.

Da suka fita na zauna a bakin gado. Na ce da autata, "Daga yau fuskarki wajensa. Zanin rufa kuma ki soke shi ta ɓangaren bango."

"Inna, in mutane suka shigo fa?"

"Mutane ba su yi naƙudarsa ba."

Da yamma wata gwaggonta ta zo barka daga Kaugama. Ina kallo daga bakin ƙofa. Autata ta fara juyawa bango, ta tsaya, ta dawo. Ta ɗora hannu a bakin ragar. Gwaggon ta dube ni, ta taɓe baki. Na miƙa mata ruwa.

Ruwa ya shiga tsohon ɗakin a makon nan, har idon sawu. Malam ya ƙarasa damina a zaure yana faɗa da sauro. Da aka gama wanka suka koma Haɗeja, gadon a bayan babur yadda ya zo. Yaron yanzu yana gudu, yana kwance wa kakansa koma.

Har yau ban san ɗan wa ya fara kwanciya a ciki ba. Na sa surukin ya koma wajen mai gwanjon ya tambaya. Mutumin ya ce a cikin dila ya zo, bai san komai ba. Ban yarda da shi ba.

Bara aka ara wa wata jikata gadon, a Kafin Hausa, ita ma haihuwar fari. Na bi shi. Da muka isa matan gidan suka fito tarbata, suna cewa in shigo ciki. Na ce su dakata. Na sa aka sauke shi a zaure, na ce a kira mini maigidan.